Idirisa Kuwantik da Jan Zakaran Talle

A unguwar Zariya ta Maradi, in ka ce kana neman Idirisa mai gyaran salula, za a nuna maka wata rumfar kwano da ke jingine da bangon kanti. In kuwa ka ce Furofesa kake nema, sai an yi dariya tukuna, sannan a nuna maka rumfar dai. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ba a yanka ko ɗan tsako ba. Tun da Idirisa ya yi wayo, kunnen ɗan Adam bai taɓa jin ya ce "ban sani ba". Tambaye shi abin da ke riƙe da wata a sama, zai faɗa maka nan take, har da zane a ƙasa. Tambaye shi abin da ya hana salularka tashi, wannan kam sai ka dawo jibi.

Damuwarsa a duniya guda ce, sunanta Ɗanladi. Ɗanladi wansa ne, manomin rani a Jiratawa, mai gonar zogale da albasa a bakin hanyar ruwa. Ya gaji da ganin ƙaninsa, ƙato mai iyali, yana gyara salula biyu a wuni, sauran lokacin kuma yana gyara duniya da baki. Wata Juma'a ya tsayar da babur gaban rumfar, ko kashe shi bai yi ba.

"Idi, kahin ruwan shuka ya sauka, ko ka samu aikin kirki, ko ka biyo ni Jiratawa. Na aje maka hauya."

"Yaya, ni hwa aikin ƙwaƙwalwa nika yi."

"To ka taho da ita, ta taya ka cirar haki."

Ya ja babur ya tafi. Idirisa ya zauna jugum, domin in akwai abin da yake tsoro fiye da maciji, to hauya ce. Kuma ya san halin wansa, ba ya maimaita magana.

Ana cikin haka sai ga Madam Safiyatu ta kawo salularta gyara. Ita ce mai wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri, ajujuwa uku da katangar laka. Cikin hira ta ce tana neman wanda zai riƙa koya wa ƙananan yaranta kimiyya idan an dawo hutu, amma duk mai so sai ya yi gwaji gaban iyaye ranar bikin ƙarshen shekara. Idirisa ya ajiye salular, ya gyara zama.

"Madam, kin san kuwantik?"

"Mi ne ne shi?"

"To kin gani. Ko Yamai mutum huɗu ne sunka san shi, biyu kuma sun tsuhwa."

"Ɗiyan hwa 'yan shekara shida ne da bakwai."

"Daidai ke nan. Ilimin ƙananan abubuwa ne, ƙanana za su hi kowa gane shi."

Madam ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya zo ranar Asabar ta sama.

Inda Idirisa ya samo kuwantik ɗin nan kuwa, a cikin salular wani ɗalibi ne da aka bar masa gyara, wani bidiyo na minti takwas da Faransanci. Kuma tsakani da Allah, abin da ke cikin bidiyon ba ƙarya ba ne. Masana sun ce akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko ƙurar gari tsauni ce a wajensu, masu halin ban mamaki. Ƙwaya ɗaya takan bi ta ƙofa biyu lokaci guda. Takan ratsa bango ba ta fasa shi ba. Kuma ba ta tsayawa a hali ɗaya sai an duba ta, har wani masani ya buga misali da kyanwa a cikin akwati, wai kafin a buɗe tana da rai kuma ba ta da shi. Mai bidiyon ya faɗa sau uku cewa wannan halin ƙwayoyin ne kawai, ba na manyan abubuwa ba, kyanwar ma misali ce. Sai dai Faransancin Idirisa a aji shida ya tsaya, don haka hotunan ya kalla, maganar ta wuce ta saman kansa.

Kafin la'asar duk Zariya ta ji labari. A teburin Hafizu mai shayi ya yi shela cewa kwanan nan zai bar gyaran salula ga ƙananan ma'aikata.

"Nan da wata uku," in ji shi, "ɗiyan Tsibiri za su riƙa koya wa likitoci karatu."

"Salulata da ke wajenka wata biyu hwa?" in ji Hafizu.

"Ta gyaru."

"Shekaranjiya ka ce mini ta mutu."

"Duka biyun gaskiya ne. Sai ka yi kuwantik za ka gane."

Hafizu ya tura masa kofi. "Ungo shayinka. An sa sukari kuma ba a sa ba."

Ranar Laraba ya fara atisaye a gida. Ya samo kwalin taliya, ya jefa kan kifi a ciki, kyanwar maƙwabciyarsu Maijidda ta bi ƙamshi ta shiga, ya rufe ya danne da gwiwa. Matarsa Salima na tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago kai.

"Maigida, mi ne ne cikin kwalin ga ke gurnani?"

"Mussar Maijidda ce. Yanzu haka tana da rai kuma ta mutu."

"Wadda ta mutu ce ke gurnanin, ko mai ran?"

"Ke ba ki san kimiyya ba. Sai an duba za ta zaɓi ɗaya."

Ya sunkuya ya ɗaga murfin kaɗan, ya kai ido. Kyanwa ta zaɓi rai, ta kuma zaɓi hanyar fita ta kan fuskarsa. Ta bar masa layi uku daga goshi zuwa haɓa, ta kifar da garin Salima, ta haye katanga. Ihunsa ya tara matan unguwa a zaure, Maijidda kuma ta leƙo ta saman katanga da muciya a hannu.

"Idi, in ka ƙara taɓa mini mussa, kai za a sa kwali, kuma ba mai buɗewa!"

"Haba Maijidda, tarihi za a rubuta da sunan mussarki."

"Ga shi nan ta rubuta maka a huska."

Daga nan Idirisa ya yanke cewa kyanwa ba ta da tarbiyyar kimiyya, kaza ta fi. Salima ta ce kajinta ba su yi lakwal ba kuma ba yanzu za su fara ba. Maƙwabta kuwa da suka ji yana neman kaza, kowa ya kulle akurkinsa.

Washegari sai ga Baba Talle ya zo karɓar rediyonsa. Talle tsoho ne, manomin gero daga wani ƙauye bayan Tsibiri, yana nan kan al'adar kakanninsa, ko da yake 'ya'yansa sun shiga gari, jikarsa Khaulat ma a lakwal ɗin Madam take. Idirisa ya zaunar da shi a benci, ya kwashe kuwantik kaf ya juye masa. Tsoho ya saurara yana taunar goro.

"Wuri biyu lokaci guda? Su ratsa bango? In ka dube su su sake hali?" in ji Talle. "Ai wanga ba sabo ba ne. Mutanenmu na cikin tsamiya sun daɗe suna yi. Sai yanzu Nasara sunka ji labari?"

"Baba, wanga kimiyya ce, ba iskoki ba. Ka ara mini zakara na yini ɗaya."

Talle ya daina tauna. Ya ce cuta ta share masa kaji bana, zakara ɗaya ya rage, shi kuwa ba na aro ba ne. Ja ne wur, babu gashi ko ɗaya na wani launi, tun yana ɗan tsako ya ware shi. Shi za a yanka a bakin gonar gado ranar shukar fari, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi.

Idirisa ya shiga magiya. Ya rantse ba abin da zai taɓa zakaran sai inuwa. Zama kawai zai yi cikin kwali kamar sarki, a buɗe, a tafa masa, a mayar da shi gida. Ya ce Khaulat za ta yi alfahari gaban 'yan ajinsu, a ce zakaran kakanta ne ya yi kimiyya. Wannan ta ƙarshen ce ta kama tsoho, don yana ji da jikar nan ba kaɗan ba.

"Gashi ɗaya in ya hwaɗi, Idi, ni da kai ne."

"Baba, ko ƙura ba ta taɓa shi."

Ranar Asabar ya yi sammako, ya biya ƙauyen Talle ya karɓo zakara. Da hantsi kabu-kabu ya sauke Furofesa a ƙofar lakwal, cikin kwat na aro, fuska da layi uku, kwali ɗaure da igiya a hammata, ɗan buhun goriba a kafaɗa. Zafin bazara ya riga ya buɗe. An kafa rumfa an jera kujeru kusa da katanga, yara na ta rera waƙoƙi, shi kuwa an ce sai bayan azahar za a kira shi. Ya ji zakara na haki cikin kwali, ya shiga nema masa inuwa. Wadda ta fi kauri ita ce ta gindin dogon yaro a bayan ajujuwa, inda mata suka kafa tukwane.

To, a bikin lakwal ɗin nan kowa da gudummawarsa yake zuwa. Mai shinkafa, mai albasa, mai kwalbar mai, mai kaza. Ba a shela, ba a tambaya. Ka ajiye a gindin itacen nan ka wuce, masu girki sun san abin yi. Ko yaron goye a Tsibiri ya san haka. Idirisa kuwa tun da yake bai taɓa kai wa kowa gudummawa ba sai ta shawara. Ya ajiye kwalinsa tsakanin buhun shinkafa da kwandon albasa, bai ce wa kowa komai ba, don a ganinsa sirrin gwajin shi ne kada a san abin da ke ciki.

Kulu, uwar girki, ta ga mutum cikin kwat ya ajiye kwali, ta goge hannu a zane ta matso.

"Sannu Alhaji, Allah shi saka da alheri. Ka yi ƙoƙari."

Idirisa ya ji daɗi har kunne, ya ɗauka har madafa an san Furofesa ya kawo ilimi.

"Ba komi, Inna. Don ɗiyanmu munka yi."

"Allah shi ƙara buɗi."

Da aka idar da azahar aka kawo abinci, don Madam ta san in ba a ci ba iyaye ba sa zama. Aka zaunar da Idirisa a tabarmar manya, tsakanin Baba Talle da wani dattijo, Maman Lawali, shugaban ƙungiyar iyaye. Kulu da kanta ta zo ta tsamo cinya ta ɗora masa bisa shinkafa, ta ce shi ya fi kowa cancanta. Ya ci yana lumshe ido.

"Wanga zakaran ƙauye ne," in ji shi. "Ni daga tauna ɗaya nika gane abin da kaza ta ci a rayuwarta. Wanga hatsi ya ci zalla."

Talle na gwaguyar wuya, ya gyaɗa kai. "Mai shi ya san kiwo."

Idirisa ya nemi ƙari, aka ba shi cinya ta biyu.

Sannan aka miƙa masa mikoro, abin magana. Yara arba'in zaune a tabarma, iyaye a kujeru, Salima can cikin mata tana addu'a a zuci. Ya yi gyaran murya har sau uku.

"Ɗiyana, akwai wasu ƙwayoyi ƙanana, ido bai ganinsu, amma sun hi kowa iya wasa. Yau za ku ga abin da ko iyayenku ba su taɓa gani ba. Wa ke son zama ƙwaya?"

Aka tura masa wani ɗan lukuti mai suna Shamsu. Idirisa ya sa mai gadi ya ɗauko tsani ya kwantar da shi a gefe, ya nuna ramuka biyu da matakala ɗaya ta raba.

"Ga ƙohwa biyu. Bi ta cikinsu duka lokaci guda."

Shamsu yaro ne mai biyayya. Ya ja baya, ya rarrafo da sauri, ya sa hannun dama a wannan, na hagu a wancan, goshi kuwa ya samu matakalar tsakiya. Tsani ya kife a kansa, ya buɗe baki ya sa kuka. Uwarsa ta taso daga cikin mata tana gyara ɗaurin zane.

"Wane irin karatu ne wanga? Lahiya lau na kawo ɗana!"

"Hajiya, ƙwayar ce ta yi ƙiba."

"Tuwon gidanka ya ci?"

Khaulat, jikar Talle, wata 'yar siririya mai ido a tsaye, ta ɗaga yatsa. Ta kira shi da sunan da suke kiran malamansu.

"Mushe, kai hwara bi mu gani."

"Ni Furofesa ne, ba ƙwaya ba. Zauna."

Bai bari Madam ta buɗe baki ba, ya zazzage buhun goriba, ya raba wa yara ɗaya ɗaya. Ya nuna musu katangar lakwal. Ya ce ƙwaya takan ratsa bango, amma ba kullum ba, sai an yi ta jifa, cikin da yawa ɗaya za ta wuce.

"In na ce uku, kowa ya jehwa da ƙarhi!"

Ba a taɓa ba yara arba'in umurnin da suka fi so ba. Bai kai biyu ba goriba ta tashi. Katanga ta mayar da kowace yadda aka aiko ta, sai kan iyayen layin gaba. Maman Lawali ya kare fuska, wata goriba ta ɗauke masa hula ta jefa cikin kwanon miya. Mata suka watse suna salati. Yara na tsinta suna sake jifa, wasu ma sun manta da katanga, junansu suke nema. Can sai aka ji "Wayyo!" daga bayan katangar.

Idirisa ya daka tsalle. "Ta ratsa! Kun ji ko? Ta ratsa!"

"Ta sama ta bi, Mushe," in ji Khaulat. "Ni na jehwa ta."

Sai ga mutum ya shigo ta ƙofa, yana tura babur da hannu ɗaya, ɗayan dafe da goshi. Ɗanladi ne, ya baro gonarsa don ya ga aikin kirkin da ƙaninsa ya samu. Ya jingine babur ɗin. Ya nemi kujera a layin gaba ya zauna, ƙullutu na tasowa, ya zuba wa Idirisa ido.

Madam ta matso ta rage murya. "Saura mi?"

"Saura babban, Madam. Waɗancan ɗumama jiki ne."

"In wanga ya lalace, ka san hanyar tasha."

Aka aiki mai gadi ya ɗauko kwali daga gindin itace, yana ɗaure tsaf da igiyarsa. Idirisa ya ɗora shi bisa tebur. Ya ji shiru a ciki, ya yi murmushi, a ransa ya ce ko zakara ya san yau ranar natsuwa ce.

"Cikin kwalin ga akwai zakara. Yanzu da nika magana, shina da rai, kuma ya mutu."

Talle ya miƙe tsaye. "Ya mutu? Ba haka munka yi da kai ba!"

"Kwantar da hankalinka, Baba, rabi ne kawai. Da na buɗe zai zaɓi rai, na san halinsa."

"Wane rabin?" in ji Maman Lawali yana matse miya daga hularsa. "Na gaba ko na baya?"

Idirisa ya yi kamar bai ji ba. Ya ce masu cewa rai su ɗaga hannun dama, masu cewa mutuwa su ɗaga na hagu. Shamsu yana sheshsheƙa ya ɗaga biyun, Furofesa ya ce shi kaɗai ya gane darasi. Khaulat ba ta ɗaga ko ɗaya ba.

"Mushe, ka ce ƙwayoyin ƙanana ne, ido bai ganinsu. Zakaran kakana hwa ya hi ni cin hatsi."

"Ke yarinyar ga, alƙali za ki zama ko mi?"

Ya sa yara suka ƙirga uku da Faransanci, ya kwance igiya, ya ɗaga murfi da hannu biyu. Daidai lokacin iskar hadari ta shigo rumfa, ta kwashi jan gashi ta watsa sama. Gashi ya sauka kan kwat, kan layin ukun fuskarsa, kan ƙullutun Ɗanladi. A ƙasan kwali ba komai sai ɓawon albasa da sauran gashi a jiƙe.

Da wani ne, da ya roƙi ƙasa ta tsage ya shige. Idirisa kuwa ya leƙa kwalin, ya leƙa ƙarƙashin tebur, sannan ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a! Ya ratsa kwalin! Ya bar rigarsa ya wuce! Wanga ko Turai ba a taɓa yi ba!"

Wallahi har an samu masu buɗe baki. Wata tsohuwa ta jawo jikanta ta rungume. Wani a baya ya fara tafi. Madam kanta ta matso tana duban kwalin. Da abin ya tsaya nan, da wataƙila yau Idirisa na rubutu a allo.

Sai ga Kulu ta kutso da ludayi a hannu, tana yi wa mai gadi faɗa.

"Wa ya ce ka ɗauko kwalin shara? Na ɗaure shi don kada iska ta watsa mini gashi cikin tukunya! Ba kai ka yanka zakaran ba?"

"Kwali anka ce in ɗauko," in ji mai gadi. "Ba wanda ya tambaye ni zakara."

Kulu ta juya ta ga Idirisa, ta washe baki.

"A'a, Alhaji mai zakara! Jama'a ku gode masa, shi ya kawo mana jan nan gudummawa. Ba don shi ba da miyar yau ba ta da kai. Shi ya sa na ba shi cinya biyu."

Dariyar da ta tashi har tasha an ji ta. Maman Lawali ya zame daga kujera. Yara na birgima a tabarma suna kiran "Mushe ya cinye kimiyya!" Salima ta ja mayafi ta rufe fuska har ƙirji. Idirisa ya dafa cikinsa, ya ji cinyoyin nan biyu sun yi masa nauyi kamar tubali.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Talle ya tako a hankali, ya tsinci gashi ɗaya daga kafaɗar kwat, ya daɗe yana dubansa. Dariya ta yi ta raguwa har ta mutu, don kowa ya ga abin ya taɓa tsohon har zuci.

"Shekara guda ina kiwonsa," in ji shi. "Ni da bakina na ci wuyansa, har na yaba."

"Baba, gobe-goben ga in tahi kasuwa in samo maka wani ja."

"Ba na kasuwa ba ne. Sai wanda ya girma a hannunka. Ga hadari shina haɗuwa, gona ba ta jira in yi kiwon wani." Ya sa gashin a aljihu. "Gonar ubana ba ta samu abinta ba bana. To za a yi mata noma uku maimakon biyu, kuma ba bayana zai yi su ba."

Idirisa ya juya wajen Madam da sauri, gumi na bi masa ta cikin kwat.

"Madam, batun aikin ga. Ni zan iya hwarawa ko Litinin."

"Lakwal ɗin ga," in ji Madam, "ko wucewa za ka yi ta ƙoharta, ka tsallaka titi."

Ɗanladi ya tashi, ya rusuna ya gaida Talle, ya ba shi haƙuri a kan ɓarnar ƙaninsa. Ya ce amma shi ma yana da magana a kan wannan bawan Allah, don shi ya riga. Suka tsuguna su biyu gaban iyaye da yara, suna zane a ƙasa da tsinke, suna raba makon Idirisa a tsakaninsu. Asabar, Lahadi da Litinin, gonar gero. Talata, Laraba da Alhamis, zogale da albasa a Jiratawa. A kan Juma'a suka yi ta ja, sai da Maman Lawali ya shiga tsakani ya ce a tsaga ta biyu, safe wajen ɗaya, bayan masallaci wajen ɗaya. Suka yi musabaha, ba wanda ya tambayi mai makon.

Idirisa ya matso, ya miƙa tafukansa biyu.

"Yaya, don Allah dubi hannuwan ga. Ba su san hauya ba."

Ɗanladi ya kama ɗaya, ya juya shi, ya latsa tafin da babban yatsa ya ji laushi.

"Ba komi," in ji shi. "Gobe da asuba za su gaisa."